Ƙanena, kada ka bari su riƙe ka har yamma

Wallahi da na ga tambayarka, wai an yi hasashen dusar ƙanƙara mai yawa kuma maigidanka ya ce lallai ka zo aiki, sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan ranar Asabar 23 ga Janairun 2016.

Ina wanke-wanke a wani gidan abinci a Manhattan, cikin birnin New York, lokacin. Ƙarfe 12 na rana aka dakatar da bas-bas, 2:30 gwamna Cuomo ya hana motoci hawa titi. Na je na roƙi mai gidan abincin, na ce masa a Bronx nake. Ko kallona bai yi ba, ya ce in gama tukwane tukuna. Babu mai cin abinci ko ɗaya a wurin! Shi gidansa na bayan layi. Sai bayan biyar ya sake ni, alhali tun ƙarfe 4 an tsayar da duk jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada. Ka san jirgi lamba 2 ɗinmu, da ya wuce titi na 149 kan gada yake hawa. Nan aka sauke mu.

Da kambas na taka har unguwar West Farms a Bronx. Ƙanƙara har gwiwa, iska tana watsa min ita a ido, motoci sun nutse sai madubi kake gani. Wajen awa uku. Na daina jin yatsun ƙafata, na tsaya jikin wani shago ina salati, na ɗauka shi ke nan. Ranar inci 27.5 ta zuba a Central Park. Kuma mutumin nan ranar Litinin ko sannu bai ce min ba. Har yau abin yana ci min rai.

In dole ne ka je, to ka faɗa masa tun yau cewa da an sanar da tsayar da bas za ka tafi. Jirgin D a ƙarƙashin ƙasa yake a Bronx, ka duba ko zai kusantar da kai gida. Ka sayi takalmin ƙanƙara, ka haɗa safa biyu, ka cika wayarka da caji.

Masu mota kuma, don Allah ku share bakin salansa kafin ku tayar. A guguwar nan hayaƙi ya kashe wata uwa da ɗanta cikin mota a garin Passaic na jihar New Jersey, uban yaron yana waje yana haƙa da shebur. Allah ya tsare mu. Ka rubuto mana in ka isa gida.