Amsa: 60% ɗin da ka samu, da maganar tazarar tabbaci

Malam barka da ƙoƙari. Ka ce ka tambayi mutum 400, guda 240 suka ce eh, wato 60%, kana so ka san ko za ka iya cewa haka duk jama'ar suke. To a'a, ba kai tsaye ba, sai ka sa tazarar tabbaci, wato iyaka ta ƙasa da ta sama da ake sa ran ainihin kason jama'ar yana tsakaninsu.

Ɗauko kalkuleta. 0.6 (kason masu cewa eh) sau 0.4 (kason sauran) zai ba ka 0.24, ka raba da 400, ka ɗau sikwaya rut ɗinsa, za ka ga wajen 0.0245. Ninka da 1.96 in tabbacin 95% kake so, ya zama 0.048. Wato 4.8%, ka cire shi daga 60% kuma ka ƙara shi a kan 60%. Kenan daga 55.2% zuwa 64.8%.

Amma inda mutane ke tuntuɓe shi ne fassarar, kuma wallahi abin yana damuna. 95% ɗin nan ba wai kashi 95 na mutane ne suka faɗa cikin tazarar ba, magana ce a kan hanyar da ka bi, wato da za ka yi ta maimaita binciken kana ɗibar sabbin mutum 400 kowane karo, to kusan 95 cikin kowace tazara 100 da ka lissafa za su kamo ainihin kason jama'ar, sauran su kuskure.

In kana so tazarar ta ragu da rabi sai ka tambayi mutum 1,600, ba 800 ba.

Sannan don Allah ya ka zaɓo su? In abokanka ne na WhatsApp kawai suka cike fom ɗin, lissafin nan ba zai gyara maka komai ba, sai an zaɓo su ta hanyar ƙuri'a irin ta canki-canka, yadda kowa a cikin jama'ar ke da damar fitowa daidai da kowa, yake aiki.