Amsa kan saɓanin awon kan jijiyar gani

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ka rubuta 0.4 a katin wata dattijuwa, likitan da ya duba ta bayanka kuma ya rubuta 0.6, kana son sanin wanda ya kuskure a cikinku. Mai yiwuwa babu. Wannan lamba, wadda ke nuna girman ramin tsakiya idan an gwada shi da faɗin faifan jijiyar gani (wato kan jijiyar da ake hangowa a can cikin ido), kintace ce ta ido, kuma tun a 1976 wani likitan ido mai suna Lichter ya nuna cewa ƙwararru ma suna saɓa wa juna a kan hoto guda.

Fitilar hannu da kake amfani da ita da ido ɗaya ake leƙa ta, saboda haka ba ta nuna zurfi, sai mai duba ya riƙa bin inda launi ya koɗe, alhali iyakar ramin na gaskiya tana wurin da ƙananan jijiyoyin jini suka lanƙwasa suka gangara. Ka ɗiga maganin da ke buɗe ido, ka zaunar da mara lafiya a na'urar silit lam, wato madubin duba ido mai fitar da siririn haske, ka duba da idanunka biyu.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne girman faifan kansa, wanda tsayinsa yakan kai kimanin milimita 1.8. Ka daidaita tsawon hasken da tsayin faifan, ka karanta ma'auni, sannan ka ninka da 1.1 in gilashin 78D ne a hannunka, ko da 1.3 in 90D ne. Babban faifai yakan zo da babban rami ko da idon lafiyarsa ƙalau, kuma mu baƙar fata namu ya fi girma a galibi. Ƙaramin faifai kuwa, 0.4 ɗin da ka raina tana iya ɓoye hawan jinin ido da ya riga ya fara ɓarna.

Daga nan ka dubi naman da ya kewaye ramin, wanda a lafiyayyen ido yakan fi kauri a ƙasa, sai sama, sai gefen hanci. In ka ga ya sirance a wuri guda, ko ɗigon jini a bakin faifan, ko bambancin da ya wuce 0.2 tsakanin idanu biyu, kada ka sallame ta.

Dattijuwar nan a ɗauki hoton jijiyarta a ajiye, a auna mata ƙarfin ruwan ido da faɗin gani, ka kawo mini sakamakon mu duba tare.