Ƙaba: Shin Akwai Maganin Sha Da Ke Narkar Da Ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Shekarata 46, ina sana'ar albasa a nan Kumasi, ɗaukar buhu kuwa ba ya rabuwa da ni. Na jima da kumburi a matsematsina na dama. In na tsaya ko na yi tari ya fito, in na kwanta ya koma da ɗan ƙugi. A asibiti an ce ƙaba ce, sai tiyata, kuma za a sa raga. Abokaina sun ce wanda aka yi wa aikin ƙarfin mazakutarsa kan tafi. Yanzu ina shan wani magani na kwalba da aka ce yana narkar da ita. Tsoro ya hana ni barci. — Mai karatu daga Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya.

Jijiyoyin da ke tayar da gaba ba ta wurin da muke yanka suke bi ba. Abin da ke bi ta matsematsi shi ne bututun maniyyi da jijiyoyin jinin maraina, kuma likita yana ganinsu da idonsa, ya ware su gefe kafin ya fara gyara. Lahani ga maraina a aikin farko bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan ƙabar ta yi shekaru ta sauka ta cika jakar maraina, wato jiran da abokanka ke ba ka shawara shi ke kawo abin da kake tsoro.

Aikin da aka fi yi shi ne na Lichtenstein, wanda ya yaɗu tun shekarun 1980. A yanka ɗan wuri, a mayar da abin da ya fito, a shimfiɗa raga a kan ramin da ke bangon ciki ba tare da an ja nama da ƙarfi ba. Yawanci bai kai awa ɗaya ba, da allurar kashe wurin ko ta ƙashin baya, mutum na farke. Dawowar ƙaba bayan raga ba ta wuce mutum kaɗan cikin ɗari. Ba zan ɓoye maka ba, kamar mutum 1 cikin 10 kan ji ciwo ko dindiris a wurin na tsawon watanni, galibi mai sauƙi. Akwai kuma aikin kyamara ta ƙananan huduji uku, ya fi amfani ga mai ƙaba gefe biyu ko wadda ta dawo, amma ya fi tsada kuma sai an sa mutum barci gaba ɗaya.

Kwalbar nan da kake sha ita ce ta fi damuna. Ƙaba rami ce a bangon ciki, hanji ko kitse ke leƙowa ta wurin. Kai mai buhu ne. Buhun da ya yage, ka taɓa ganin an zuba masa ruwa ya ɗinke? Babu saiwa, babu sassaƙe, babu ƙwayar bature ma da ke rufe wannan ramin ga baligi. Mai lasifika a tasha da wanda ya sayi lokaci a rediyo yana rantsuwa cewa kwalba uku ta isa, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani yana cin kuɗin mutane. Da yawan irin waɗannan haɗe-haɗen maganin wankin ciki ne kawai. Mutum ya yi zawo, ciki ya saki, kumburin ya riƙa komawa da sauƙi na 'yan kwanaki, sai ya ce ai magani ya ci. Ramin yana nan, yana ƙara faɗi.

Ni ne nake karɓar masu shan irin wannan kwalba daga baya, da tsakar dare. Dattijo a bayan mota, yana amai kore, ciki ya kumbura kamar zai fashe, kumburin ya yi tauri ba ya taɓuwa. Ka tambayi 'ya'yansa tun yaushe, su ce tun shekaranjiya, an dai yi ta gasa wurin da ruwan zafi ana ƙara masa kwalba. Wani ma ka tarar da tsagar wanzami a kan kumburin, alhali hanji ne kwance a ƙarƙashin fatar nan! Hanjin da ya shaƙe, jini ya daina zuwa masa, cikin kamar awa 6 yake fara mutuwa. In muka buɗe muka same shi ya yi baƙi, dole a yanke a haɗa, sau da yawa ba za a iya sa raga ba saboda wurin ya gurɓata, kwana asibiti ya yi tsawo, kuɗi ya ninka, wasu kuma ba sa tashi. Aikin da da an yi shi da rana cikin natsuwa mutum ya koma gida washegari. Kuma mai kwalbar ba ya zuwa dubiya, balle jana'iza. Ɗamarar da wasu ke ɗaurawa ma ɓoye kumburin take yi, ba ta gyara komai.

Abin da ke ba ni takaici, a Zango magidanci zai ɓoye wannan ciwo shekara da shekaru cikin babbar riga, ko matarsa ba ya so ta yi maganar, don ana yi wa mai gwaiwa dariya. Alhali kusan namiji 1 cikin 4 zai gamu da ƙaba a rayuwarsa. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, malamanmu sun sha faɗa. Ya kamata limamai su ma su riƙa taɓo wannan a wa'azi.

Kafin aikin, gaya wa likita idan kana da tari mai naci, ko taurin bayan gida, ko yunƙuri wajen fitsari, ko ciwon suga, domin su ne ke sa ɗinki ya saki. In kana shan taba, ka ajiye ta aƙalla wata guda kafin ranar. Sabunta katin inshorar lafiyarka tun yanzu, aikin ƙaba yana cikin abin da take ɗauka, ka kuma tambaya tun farko ko kai za ka sayi ragar. Bayan aiki za ka taka ƙafa a ranar, amma buhu ka bar wa yara har mako 4 zuwa 6.

Idan kafin ranar kumburin ya ƙi komawa, ya yi zafi, ga amai, ko tusa da bayan gida suka tsaya, kada ka danna shi da ƙarfi, kada ka ci komai, kada ka jira asuba. Ka wuce sashen gaggawa na Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa da kai a daren.