Mujallu Biyu Sun Dawo Mini da Maƙalata Ba a Ko Duba Ta Ba: In Biya a Buga Mini?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar jami'a ce a fannin ilimi, ina zaune a Samaru, Zariya. Bara na kammala digiri na uku, kuma bincikena a kan yadda malamai suka karɓi sabuwar manhajar karatun jami'o'in Nijeriya, wato CCMAS, ne. Na raba takardar tambayoyi, na fitar da sakamako, sannan na yanko maƙala daga kundin. Mujallu biyu na ƙasar waje na aika wa, kowacce ta dawo mini da ita cikin kwana goma, ba a ko kai ta gaban masu tantancewa ba. Edita ɗaya layi biyu kawai ya rubuta, wai ba ta dace da mujallarsu ba. Yanzu ga wata mujalla ta turo mini imel, ta ce za ta buga cikin mako biyu idan na biya dala 150. Lokacin ƙarin girma ya ƙarato. In biya, ko yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya albarka a digirin. Kada ki biya. Zan dawo kan wannan, amma bari mu fara da inda ciwon yake.

Idan edita ya mayar da maƙala cikin kwana goma, shi kaɗai ya gan ta, kuma sau da yawa taken da tsakuren da gabatarwar kawai ya karanta. Ban ga taki ba, amma na duba irinta da yawa, har zan iya zayyana miki fasalinta ido rufe: tambayoyin bincike uku ko huɗu, hasashe uku ko huɗu, ma'auni mai matakai huɗu daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", duk abin da ya haura 2.50 an amince da shi, sai a rufe da shawarar cewa gwamnati ta ƙara kuɗi, a kuma riƙa shirya wa malamai bita. Wannan fasali yana fitar da ɗalibi a gaban kwamitin jarrabawa, don abin da kwamitin ke so ya gani shi ne kin iya aikin. Edita kuwa tambayarsa dabam ce: mene ne mai karatu a Nairobi ko Jakarta zai sani bayan ya karanta wannan, wanda bai sani ba da? "Malamai sun amince cewa akwai ƙarancin kayan aiki" ba labari ba ne a wurin kowa, har mu da ke koyarwa a azuzuwan.

Abin da ya ba ni haushi a madadinki shi ne batun da kike riƙe da shi mai tsada ne. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da CCMAS a Disamban 2022 don ya maye gurbin tsohuwar manhaja, BMAS, inda hukumar ke tsara kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar ASUU ta fito fili ta ce an shiga hurumin majalisar dattawan jami'o'i. To, jayayya a kan wa ke da ikon tsara abin da za a koyar, hukuma ko jami'a, tsohuwar muhawara ce a wannan fanni a duniya baki ɗaya. Ke kuma kina tsaye a wurin da abin ke faruwa. Me sassa suka zuba a cikin kashi 30 ɗin nan? Sababbin kwasa-kwasai suka ƙirƙira, ko tsofaffin aka sake wa suna aka tura? Wa ya yanke hukunci, taron sashe ko mutum biyu a ofishin shugaban sashe daren da wa'adi zai cika? Shin abin da malami ke faɗa a aji ya canza, ko takarda ce kawai ta canza? Nan maƙalar take. Idan alƙaluman da kika tara ba za su iya amsa wannan ba, ƙara musu hira da malamai goma sha biyar ko ashirin, ki haɗa da takardun manhajar kafin da bayan sauyin. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki kunna rikoda, domin mujallu da yawa suna tambayar wannan tun a fom ɗin aikawa, kuma ki ɓoye sunayen waɗanda suka yi magana. Zariya ƙaramin gari ne idan ana batun malaman jami'a. "Wani farfesa a sashe kaza" ya isa a gane mutum.

Sai zaɓen mujalla, wanda ya kamata ya zo kafin a sake rubutun. Higher Education ta kamfanin Springer da Studies in Higher Education ta Taylor & Francis su ne manyan fannin, kuma abin da suke mayarwa ya fi abin da suke karɓa nesa ba kusa ba. Higher Education Policy ta fi karkata ga manufofi, Teaching in Higher Education kuma ga abin da ke faruwa tsakanin malami da ɗalibi. A nahiyarmu akwai Journal of Higher Education in Africa ta cibiyar bincike ta CODESRIA da ke Dakar, da International Journal of African Higher Education. A ganina waɗannan biyun sun fi dacewa da maƙalar farko, don ba sai kin ɓata shafi biyu kina bayanin mece ce hukumar kula da jami'o'i ba. Ko wacce kika zaɓa, karanta maƙaloli biyar ko shida da ta buga a shekaru uku da suka wuce. Idan manazartarki ba ta ambaci ko ɗaya daga abin da mujallar ta buga ba, kamar ki shiga zaure ana tsakiyar hira ki fara taki ba sallama ne. Ki leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ki tambayi ma'aikata rumbunan intanet da za ki iya buɗewa. Rumbunan maƙaloli na AJOL, DOAJ da ERIC kuwa ana bincika su kyauta daga ko'ina.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da mutum. Bi ƙa'idar adadin kalmomi da salon manazarta yadda suka rubuta. Cire sunanki da duk alamar da za ta nuna ke ce daga kwafin da za a ba masu tantancewa. Buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ba a biyan ko kwabo. Kada ki aika wa mujallu biyu a lokaci guda. Sunan wanda ya duba kundinki yana shiga ne idan ya yi aiki a maƙalar, kuma ku yi wannan magana tun kafin a aika, ba bayan an karɓa ba.

Yanzu mujallar dala 150. Tantancewa ta gaskiya watanni take ɗauka, don sai edita ya nemo masana biyu ko uku da za su karanta, yawanci ba a biyansu, su rubuta rahoto, a dawo miki ki gyara, wani lokaci a sake zagayawa. Wanda ya yi alkawarin mako biyu tun bai ga maƙalar ba, kuɗinki yake tantancewa. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya shafe shekaru yana jera irin waɗannan mujallu har ya rufe jerin a farkon 2017, amma su ba su rufe ba. Idan sun ce suna cikin Scopus, wato rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, shiga jerin Scopus ɗin da kanki ki nemi lambar rajistar mujallar, wato ISSN, ki kuma duba ko an cire su. Idan sun liƙa wani makin tasiri (impact factor, ma'aunin yawan ambaton maƙalolin mujalla) a shafinsu, ki sani na asalin kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi. Karɓar kuɗi kaɗai ba ya nuna damfara, akwai mujallu nagari da ke caji don a buɗe maƙala ga kowa. Sai dai manyan biyun da na fara ambata suna bugawa ba tare da kin biya ba muddin ba ki zaɓi wannan buɗewar ba. Babbar asarar ma ba dalolin ba ce: da zarar sun buga, maƙalar ta zama bugaggiya, babu mujallar kirki da za ta sake karɓarta, janyewa daga hannunsu kuma sai wanda ya gani. Araha ba ta ado.

Ranar da kika sami amsar cewa a yi manyan gyare-gyare, kada ranki ya ɓaci, ƙofa ce aka buɗe. Ki ajiye rahoton kwana biyu har zafin ya huce, sannan ki zana jadawali: ga abin da mai tantancewa ya ce, ga abin da na yi, ga shafin. Inda ba ki yarda ba, faɗa cikin ladabi tare da hujja.

Batun ƙarin girma kuwa, mai yiwuwa wannan maƙala ba za ta riski zagayen bana ba, gara ki san haka tun yanzu. Nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ki karanta da idonki, kada ki dogara da hirar ofis. Duba ko ana ƙirga takardar shaidar karɓa kafin bugu ya fito, da maki nawa ake ba mujallar cikin gida da ta waje. Idan kundinki yana da wani babi da zai tsaya da ƙafarsa, kai shi wata mujallar tsangaya da kika tabbatar tana aika wa masu tantancewa da gaske, ki bar wa ta CCMAS watanninta.