Me ya sa harsashin tankata ke kuskure a Robocode?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Fagge, ka ce a Robocode, wasan kwamfuta da ake rubuta wa tankokin yaƙi umarni su fafata, tankarka na saita abokin gaba daidai amma harsashi ya wuce ta bayansa. Lissafin gudu ne matsalar.

Gudun harsashi shi ne 20 a cire ƙarfinsa sau 3. In ka harba da ƙarfi 3, piksel (ɗigon allo) 11 kawai yake ci a kowane zagaye (wato taku ɗaya na agogon wasan), alhali tanka na iya cin 8. A tazarar piksel 400, harsashin zai ɗauki zagaye kusan 36, mutuminka kuwa ya matsa kusan piksel 290. Ka taɓa jifan ɗan adaidaita a Kofar Mata? Gabansa ake jifa. Daga nesa ka sauko ƙarfi 1, gudunsa 17.

Kuskuren da ya cinye min dare guda: bindiga na juyawa tare da jikin tanka, sai ka sa umarnin setAdjustGunForRobotTurn(true) don ta daina. Kuma harbin ƙarfi 3 yana zafafa bindiga 1.6, tana hucewa 0.1 a zagaye, wato zagaye 16 kafin wani harbin.

Lissafin kusurwar hango gaban kuwa, duba RoboWiki, shafin bayanan Robocode a intanet, ko ka samu malamin lissafi a BUK ya zana maka a takarda.