Kwamfutoci goma babu rasit, da wayar da za a ci bashinta da sunanka

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan Kano ne, shekarata biyu a Jamus ina koyon aikin wutar lantarki, wato Ausbildung, saura shekara ɗaya da rabi in gama. Abin da ke shigowa hannuna a wata Yuro 850 ne, a ciki nake biyan haya in ci abinci in aika gida. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a BUK, tana buƙatar laftof. Da na gaya wa Yayana zan nemo mata, sai ya ce tunda zan aiko ɗaya, in aiko goma ya kama shago. Ya haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu a Hamburg mai tura kaya Legas. Mutumin ya ce yana da HP EliteBook 840 G3 guda goma, kowace Yuro 70, wai wani kamfani ne ya sallame su, babu rasit. Shi zai cusa su a mota, amma da sunana za a rubuta kayan. Ya kuma ce in ɗauki iPhone a kwantiragin wata 24 in haɗa, Yaya ya sayar ya ƙara jari. Na nuna ina ja da baya, jiya Hajiya ta kira ni ta ce kada in watsa wa yayana ƙasa a ido. Wallahi ko barci ba na iyawa. Ina mafita?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa karatunka albarka, ya ba ƙanwarka sa'a.

Tashi ka ɗauko katin zamanka da 'yar koriyar takardar nan da ake haɗa shi da ita, Zusatzblatt, ka karanta layin da ya yi maganar aiki. Mai izinin Ausbildung, abin da aka saba rubuta masa shi ne an yarda ya yi aikin da yake koyo da ɗan aikin gefe na wasu sa'o'i, amma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba. Laftof ɗaya da ka saya wa ƙanwarka kyauta ce, babu mai tambayarka. Goma iri ɗaya da za a sayar a ci riba kuwa kasuwanci ne, kuma kasuwanci a Jamus sai an yi masa rajista a ofishin Gewerbe. Kai ba ka da izinin yin wannan rajistar. Mutumin Hamburg ya san haka sarai, ya fi ka daɗewa a ƙasar. Tambayi kanka, mutumin da sana'arsa ke nan tura kaya, me ya hana shi rubuta sunansa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 2015 dokar Jamus ta ɗora wa mai fitar da tsofaffin kayan lantarki nauyin nuna shaidar cewa kayan suna aiki, ba shara ba ce, da takardar saye da ta gwaji. In kwastan suka buɗe motar a tashar jirgin ruwa suka ga kwamfutoci zube ba takarda, wasiƙar sunanka za ta ɗauka, gidanka za ta zo.

Sai kuma maganar babu rasit. Kamfani a Jamus ba ya sallamar kwamfutocinsa ta bayan gida. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su karɓa, su goge abin da ke ciki, su gwada, su sayar da rasit. Ƙasar da ko burodi ka saya sai an miƙo maka 'yar takarda, a ce kwamfuta goma ta fito daga ofis babu ko layi ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce lallai na sata ba ne, ban gani ba. Amma in na satar ne, sayen kayan sata laifi ne mai zaman kansa, Hehlerei suke ce masa, hukuncinsa tara ko ɗauri har shekara 5. Cewa "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum ba idan farashin da yanayin cinikin sun isa su sa mai hankali ya yi shakka. Ko an yarda ba ka sani ba, a dokarsu kayan sata ba ya zama naka don ka biya kuɗi. Za a karɓe, Yuro 700 ɗinka sun bi ruwa. Ka kuma san a Jamus ana lissafa tara da kwanaki. Wadda ta haura kwana 90 tana tare wa mutum hanyar zama ɗan ƙasa, ga masu Duldung ma, wato waɗanda aka dakatar da korarsu daga ƙasar na ɗan lokaci, ma'aunin ya fi haka tsauri. Kai da ya rage maka wata 18 ka riƙe takardar sana'a a hannunka, wannan cacar za ka shiga?

Bari in ba ka labarin wani yaro da ya zo wurina shekarun baya, ɗan wajen Zariya. Irin cinikinka ya yi, sai dai shi guda takwas ne, kuma Allah ya rufa masa asiri kayan suka isa Kano lafiya. Ɗan'uwansa ya kai su wurin mai gyara a Titin Beirut, aka goge, aka ɗora sabuwar Windows, komai tsaf. Ana jona ta farko da intanet sai ga sunan wani kamfanin Jamus ya fito a fuskar allo, wai maraba, shigar da imel ɗinka na aiki. Aka sake gogewa, aka sake ɗorawa, ya sake fitowa. Abin da ba su sani ba, manyan kamfanoni suna yi wa kwamfutocinsu rajista a wurin Microsoft da lambar jikin na'urar, tsarin da ake kira Autopilot, kuma wanda zai cire ta daga rajistar shi ne kamfanin da ya sa ta. Biyar daga ciki haka suka yi. Biyu kuma an kulle BIOS ɗinsu, wato saitin da ke tashi kafin Windows, da kalmar sirri. Masu gyara suna da dabarun zagayewa, amma kwamfutar da ake lallaɓawa wa zai saya da daraja? Ƙarshe aka farke su aka sayar da allo daban, RAM daban, batir daban. Da yaron ya kira dillalin, layin a kashe. Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne. A gida cewa aka yi shi ya aiko da ruɓaɓɓun kaya da gangan don ba ya son ɗan'uwansa ya tashi.

Ko da a ce waɗannan goman halal ne tsantsa, ka san abin da ake sayar maka. 840 G3 ƙirar 2016 ce, injinta na Intel zubi na shida ne. In ka ga an rubuta i5-6300U, wannan shidan na farko shi ne zubin. Windows 11 a hukumance tana son zubi na takwas zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro a cikin na'urar da ake kira TPM 2.0. Ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin da aka ba masu amfani da ita a gida ma iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Dalilin da ya sa irin waɗannan suka cika kasuwar Turai a araha ke nan, ofisoshi suna zubar da su. Gaskiya ɗaya ce, na'urar ba ta mutu ba. Gangar jikinta ƙarfe ce mai ƙwari, in ka ɗora mata Linux Mint, wata manhajar da ke maye gurbin Windows, za ta yi shekaru tana aiki, ni kaina da irin wannan nake rubuto maka amsar nan. A Kano ma za a tursasa mata Windows 11 ta bayan fage a sayar, mai saye ba zai tambaya ba. Don haka ban ce Yayanka ba zai ci riba ba. Mai yiwuwa ya ci. Ribar tasa ce, wasiƙar 'yan sanda taka.

Wayar ta fi ba ni tsoro a kan kwamfutocin. Na ga wannan tarkon ya kama yaranmu ya fi a ƙirga. Ka shiga shago, ka nuna kati, ka sa hannu, a miƙo maka iPhone a kwali ka biya Yuro ɗaya ko abin da bai taka kara ya karya ba, ka fito kana ganin ka yi tsintuwa. A ce Yuro 60 ne a wata, sau 24, Yuro 1,440 ke nan, a kan wayar da Yayanka zai sayar a kasuwar wayoyi ta Farm Centre rana ɗaya a cinye kuɗin kafin watan azumi. Kai kuma shekara biyu ana zarar kuɗi daga asusunka kowane wata. Ranar da asusun ya gaza, wasiƙar gargaɗi ta zo, ta biyu ta zo, sai masu karɓar bashi na Inkasso da nasu kuɗin a kai, sai sunanka ya ɓaci a Schufa, kamfanin da ke ajiye tarihin biyan bashin mutane a Jamus. Ka san mene ne Schufa: ranar da ka gama koyon aiki ka fita neman gida, ita mai gida zai fara tambaya kafin ya dubi fuskarka. Na san magidancin da ya yi shekaru a ɗakin haɗaka, matarsa tana Katsina tana jiran ya samu gidan da zai nuna a ba ta biza, duk saboda wayoyi uku da ya ɗauka wa wani dillali yana sabon zuwa. In kuma wani ya raɗa maka cewa ka ɗauka kawai, daga baya ka ce an sace ko ka daina biya, to wannan sunansa zamba a kotu.

Mu dawo gida, don na san can ne ciwon yake. Hajiya ba ta yi laifi ba. An je an gaya mata ƙaramin yana Turai yana da hali, an roƙe shi abu kaɗan ya hana. Wace uwa ce ba za ta kira ba? Amma Yayanka, da girmansa da komai, bai kyauta maka ba. Buƙatar yarinya ta karatu ya hau ya mayar da ita jarin shago, da ka yi jinkiri ya kai ƙara wurin da ya san ba ka iya musu. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a gidajenmu, a mayar da uwa sandar dukan ɗan da ke waje. Mutanen gida suna jin Yuro 850 su buga da canjin naira su ga miliyan, ba sa ganin haya, ba sa ganin tikitin jirgin ƙasa, ba sa ganin ka tashi ƙarfe biyar na asuba cikin sanyin Janairu kana jan waya a ginin da ko taga ba a sa masa ba. Laifinku ma yana ciki, ku 'yan waje, kuna ɗora hoto a gaban motar da ba taku ba, kuna ɓoye wahala don kada a ce kun gaza. Biyayyar iyaye wajibi ce, amma ban san malamin da ya ce ta haɗa da sayen kayan da ake zargi ko cin bashin da ba ka da halin biya ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka sayi laftof ɗaya, ta ƙanwarka, daga shagon da ke sayar da gyararrun kwamfutoci da rasit. In ta intanet ka saya kana da kwana 14 na mayarwa, kuma ɗan kasuwa dole ya tsaya wa tsohon kaya aƙalla shekara ɗaya. Nemi zubi na takwas ko sama: ThinkPad T480, Dell Latitude 7490 ko EliteBook 840 G5, RAM 8 GB ko 16, da SSD 256 GB. Kunna ta a ɗakinka, ka jona intanet, ka shiga BIOS ka tabbata ba a kulle ba, ka cire caji ka ga awa nawa batirin zai ɗauka, don a ɗakin kwanan ɗalibai batir ya fi komai. Ka lura da maɓallan rubutu. Na Jamus Y da Z sun yi musayar wuri, in aka saita mata Turanci za ta danna "yaya" ta ga "zaza" a allo. Ka nemi mai tsarin Ingila ko Amurka, in babu, 'yan lambobin mannawa sun wadatar. Caja kuwa ƙarfin wutarmu ɗaya da na Jamus, igiyar mai baki uku kawai za ta saya. Ka ba amintaccen matafiyi ya riƙe a jakar hannu, da kwafin rasit a ciki.

Mutumin Hamburg, rubuta masa layi ɗaya cewa ka fasa, kada ka tsaya bayani. In ka riga ka tura masa hoton katinka ko fasfo, ka adana duk hirarku, kada ka goge ko ɗaya, kuma duk wasiƙar da ta zo da sunan wani kamfanin waya ko na jigilar kaya da ba ka sani ba, ka kai ta ofishin masu ba baƙi shawara a garinku a ranar.

Yayanka ka kira shi da ladabi, ka ce masa Yaya, takardata ba ta ba ni izinin kasuwanci ba, in na yi za a iya hana ni sabuntawa. In da gaske shagon yake so, dilolin tokumbo suna nan a Computer Village a Ikeja, ya je ya duba da idonsa ya kunna ya zaɓa, kai kuma ka taimaka da abin da ka iya, ko Yuro 50 ne, a matsayin kyauta, kada ka bari a kira shi hannun jari. Zai yi fushi, ƙila ya yi wata biyu bai ɗauki wayarka ba. Ka ci gaba da gaishe shi.

Hajiya kuwa kada ka tura mata saƙon murya, kada ka bi ta bakin kowa. Kira ta bayan sallar isha, lokacin da gida ya yi shiru. Ka fara da cewa laftof ɗin yarinya tana hanya. Sannan ka faɗa mata albashinka da kuɗin hayarka, lamba da lamba, wataƙila ba ta taɓa ji ba. Ka ce mata kayan da aka ce ka saya babu takardarsu, kuma a ƙasar nan ana ɗaure mutum a kan haka. In akwai kawu ko baffa da take jin maganarsa, ka fara sanar da shi kafin ka kira ta.