Tambayoyinku: Ni mai kallon tsuntsaye ne, me zan iya yi?

Tambaya: Salam Malam, ina zaune a Nguru, duk asabar nakan fita bakin fadama kallon tsuntsaye, amma wallahi gauraka da ungulu sai raguwa suke. Ni ba kuɗi ba muƙami, da me zan taimaka?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, ai kana zaune a wuri mai daraja, dausayin Hadejia-Nguru nan ne tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu, ga Dagona, wurin da aka keɓe don kare tsuntsayen ruwa, kusa da kai. Fara da rubuta abin da ka gani, suna da rana da wuri, ka sa a manhajar BirdLasser a wayarka, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya da irin wannan bayanin, kuma daga arewa ana buƙatarsa sosai.

Maganar ungulu tafi damuna gaskiya, ana kashe ta ana kai kai da fukafukai kasuwa don haɗin magani, alhali ita ke share mana mushe kafin cuta ta bazu, gauraka kuma kamawa ake a sayar wa masu ajiyewa a gida. Kar ka saya, ko don tausayi, in ka saya gobe an kamo wata.

In ka ga sheƙa tsaya daga nesa, hoto bai kai uwa ta gudu ta bar ƙwai ba. Yaran unguwa masu danƙo kuwa kar ka tsaya faɗa kawai, tafi da biyu ranar asabar ka ba su madubin hangen nesa su gani da idonsu.